Safaya biyu, tsayuwa uku: nazarin wata tafiyar jeji ta kwana biyar

Motar ta bar gareji da safaya biyu, ɗaya a ƙofar baya ɗaya a kan rufi, duk wanda ya gan ta ranar sai ya ce lallai an shirya. Bayan kwana biyar ta dawo da ƙofar baya a tsage, taya ɗaya ta tashi daga aiki, wata da ƙusa a jikinta, ga wata ƙaramar taya a gaba da ta sa motar tana tafiya a karkace kamar mai ɗingishi. Awa tara muka zubar a bakin hanya a tsayuwa uku. Babu wanda ya ji rauni, amma sau biyu saura ƙiris.

Mu uku ne a ciki. Ni ne jagoran tafiyar, kuma ni na sa hannu a takardar gyaran motar, don haka kaso mafi girma na laifin da za a gani a nan nawa ne. Sai direbanmu, dattijo da ya daɗe a kan sitiyari, muna ce masa Baba. Sai wani matashi mai aikin awo da muke kira Injiniya. Aikinmu auna wuraren da za a haƙa rijiyoyin burtsatse ne, a wani yanki da ke da nisan kilomita 180 daga inda kwalta ta ƙare. Motar irin mai dogon jiki ce, mai jan ƙafa huɗu idan an saka mata, idan ba a saka ba kuma ƙafafun baya kaɗai ke ja.

Abin da aka yi wa motar kafin a tashi

Mako biyu kafin tafiyar aka cire tayoyin da motar ta zo da su, masu lamba 265/70R16 a kan rim ɗin alminiyum, aka sa manya masu manyan haƙora na shiga taɓo, 285/75R16 a kan rim ɗin ƙarfe. Dalilin ba na banza ba ne. Muna son cikin motar ya ɗan ƙara nisa da ƙasa, kuma rim ɗin ƙarfe idan ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi, a buga shi da guduma ya koma, na alminiyum kuwa yakan tsage.

Lambar da ke jikin taya lissafi ce. Ta farko faɗinta ne a milimita, ta biyu tsayin kuiɓinta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim a inci. Idan aka buga, tsohuwar tayar tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 777 ne, sabuwar kuma 834. Bambancin milimita 57, bai kai tsawon yatsa ba. Na dubi wannan adadin a takarda na ce ba komai. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Guda biyar muka saya, ta biyar ta hau ƙofar baya. Da aka zo rataye ta sai ta ƙi zama, kuiɓinta na gogar ƙarfen ƙofar, ƙasanta na taɓa bamba. Bakaniken ya ce abu mai sauƙi ne, ya sa wani faifan ƙarfe mai kaurin santimita 5 tsakanin marataya da rim, tayar ta fito waje, ƙofa ta rufu lafiya. Tsohuwar safayar kuma, wadda tun da aka sayi motar ba ta taɓa taka ƙasa ba, muka ɗora ta a kariyar saman mota muka ɗaure. Ga safaya biyu, hankali ya kwanta.

Ba wanda ya auna nauyin sabuwar. Ba wanda ya gwada jak ɗin motar da sababbin tayoyin. Ba wanda ya sa geji a bawul ɗin tsohuwar safayar. Ni ban ma san an canza notocin ƙafafun ba.

Tsayuwa ta farko: ƙofa

Rana ta biyu muka shiga hanya mai gargada, irin wadda ƙasarta ta yi layi-layi a jere, mota na bi tana karkarwa har haƙoran mutum na haɗuwa. Bayan kamar awa uku Injiniya, da ke zaune a baya, ya ce ƙura na shigo masa ta ƙeya. Ba a jima ba muka fara jin wani ƙas-ƙas daga baya duk lokacin da motar ta faɗa rami. Baba ya tsaya, ya zagaya, ya kama safayar da hannu biyu ya girgiza. Ƙofar gaba ɗaya ta motsa. A gefen marataya akwai tsaga siririya kamar zare, tsawonta ya kai taƙi, fenti ya ɓare a bakinta. Hinjin sama kuma ya saki, ƙofar ta sauko har harshen makulli ba ya shiga daidai.

Bayan mun dawo na ɗora tayoyin biyu a sikeli. Tsohuwar da rim ɗinta kilo 27, sabuwar kilo 40. Ƙarin kilo 13 ba shi kaɗai ya tsaga ƙofa ba. Abin da ƙarfen ƙofa ke ji shi ne nauyi a haɗe da nisansa daga jikinta, kamar yadda bokitin ruwa ke ƙara wa mutum nauyi idan ya miƙa hannu da shi nesa da jikinsa. Tsakiyar tsohuwar tayar na nesa da ƙofar da santimita 17. Sabuwar, saboda faifan nan da ƙarin faɗinta, ta koma 23. Idan ka buga 27 sau 17 za ka samu 459, 40 sau 23 kuwa 920. Nauyi ya ƙaru da kusan rabi, amma murɗar da ƙofar ke sha ta ninka biyu cur. Wannan kuma motar na tsaye ne. A kan gargada tayar na tsalle sama da ƙasa sau da yawa a kowane daƙiƙa, ƙarfen na lanƙwasa yana komawa, irin yadda ake karya waya da hannu idan an yi ta lanƙwasa ta gaba da baya.

Akwai wani ƙaramin abu da faifan ya ɓata wanda ban lura da shi ba sai da mai walda ya nuna mini. A jikin ƙofar akwai robobi biyu da aka yi don kuiɓin safaya ya danna su, su hana ta rawa. Da aka turo tayar waje sai ta rabu da su, ta koma tana lilo a kan kusoshi uku kawai.

Masu ƙera motocin jeji kowa da inda yake ajiye safaya, kuma kowane wuri da abin da yake ci. Land Rover Defender, Jeep Wrangler, Suzuki Jimny, Mitsubishi Pajero da Nissan Patrol na da, duk a ƙofar baya suke rataye ta. Tana kusa da hannu, ba ta shan laka, amma hinji ne ke ɗauke da ita kuma tana tare madubi. Toyota Hilux da yawancin motocin a-kori-kura a ƙarƙashi suke ɓoye ta, a ɗage ta da sarƙa. Nauyin na ƙasa, wanda ya fi wa mota kyau, sai dai ranar da ka kafe a taɓo har ciki ba ka da hanyar kaiwa gare ta, sarƙar kuma idan ba ta shan giris tsatsa kan cinye ta. Tsofaffin Land Rover har a kan bonet suke ɗora ta. A kowane hali an auna wurin ne da tayar da kamfani ya sa. Da ka canza taya, lissafin nasu ya daina aiki a kanka.

Muka yanke shawarar sauke ta. A nan aka yi saura ƙiris na farko. Injiniya ya kwance noti na ƙarshe yana tsaye a gabanta, yana zaton zai rungume ta ya sauke. Tayar na daidai ƙirjinsa. Da ta zame daga kan kusoshi sai ta zo masa gaba ɗaya, ya ja da baya ya zauna daɓas, ta faɗi tsakanin ƙafafunsa ta yi tsalle ta kwanta. Baba ya dube shi ya ce, “Yaro, ba a rungumar taya. Mutum biyu, ɗaya nan ɗaya nan, a zamo da ita a kan bamba.” Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum ɗaya zai riƙa ɗagawa ko da komai ya daidaita, kayan na kusa da jiki kuma yana da mariƙi. Taya mai kilo 40 ba ta da mariƙi, ga ƙura, ga zafi, ga ta a sama.

Muka kwantar da ita a cikin but, a kan akwatunan kayan awo, muka ɗaure da igiyar da muke da ita. Kuskure na biyu ke nan a rana ɗaya. Igiya na saki idan ana girgiza ta. Da yamma Baba ya taka birki da ƙarfi a bakin wani kwari, tayar ta zamo ta daki bayan kujerar Injiniya har ya yi gaba. A hankali muke tafiya, shi ya sa abin ya tsaya a dariya. Da gudun kilomita 50 a awa muke muka yi karo, da tayar ta iso masa da ƙarfin abin da ya faɗo daga tsayin kusan mita 10. Daren nan muka fitar da kaya duka, muka kwantar da ita a ƙasan but tana jingine da bayan kujera, muka ciro bel biyu masu maƙale daga kariya muka ɗaure ta a zoben ƙarfen da ke jikin motar, sannan kaya suka hau kanta.

Tsayuwa ta biyu: jak

Rana ta uku, muna fitowa daga wani busasshen rafi, wani dutse mai kaifi ya yanki kuiɓin tayar baya ta hagu. Ƙarar fitar iskar ma ta isa ta gaya maka ba ta faci ba ce. Yankan ya kai tsawon yatsa biyu. Huda a kan haƙoran taya, idan ba ta wuce milimita 6 ba, ana toshe ta. Kuiɓi kuwa shi ke lanƙwasa a kowane juyi, ba abin da zai zauna a wurin.

Muna da safaya daidai girman sauran, cike da iska. A tsakar gareji aikin minti 20 ne. Awa huɗu ya ci mana.

Farko sai da muka sauke duk kayan da muka jibga a kanta jiya. Sannan jak. Jak ɗin da ya zo da motar irin mai kama da kwalba ne, kuma aiki biyu ake nema a wurinsa waɗanda ke karo da juna: ya zama gajere har ya shiga ƙarƙashin aksil, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafar hagu da ta dama, lokacin da taya ta kwanta, ya kuma miƙe har taya mai cikakkiyar iska ta samu shiga. Kuiɓin tsohuwar tayar milimita 186 ne, na sabuwar 214. Wato tafiyar da ake so jak ya yi ta ƙaru da milimita 28, shi kuwa an yi shi ne daidai da ta farko da ɗan rara kaɗan. Rarar nan yashi ya shanye ta. Muna juyawa, maimakon mota ta tashi sai gindin jak ɗin ke nutsewa. Ba mu da katako ko guda.

Muka samo wani faffaɗan dutse muka sa a ƙasa. Da dutsen ya shiga, sai jak ya ƙi shiga ƙarƙashin aksil, wuri ya yi kaɗan. Muka tona rami muka binne dutsen daidai da ƙasa. Motar ta tashi, tayar da ta fashe ta fita ba gardama tunda a lotse take. Da muka mirgino sabuwar, ramukan rim ɗin sun fi kusoshin tsayi da kamar yatsa biyu, jak kuma ya kai ƙarshensa.

Injiniya ya kawo shawarar a sa duwatsu a ƙarƙashin aksil, a sauke jak a ƙara masa tudu a sake ɗagawa. Ana yin haka, amma yana nufin wani zai shigar da hannu da kafaɗa ƙarƙashin mota mai nauyin sama da tan biyu da rabi tana zaune a kan tarin duwatsu a cikin yashi. Baba bai ce masa komai ba. Ya tura tayar da ta fashe ƙarƙashin shasi, yadda ko jak ya zame motar za ta sauka a kanta, ya ɗauki shebur ya durƙusa ya fara tona ƙasar da ke daidai ƙarƙashin kusoshin. “Yallaɓai,” ya ce da ni, “in mota ta ƙi hawa, sai ƙasa ta sauka.” Ya tona rami mai zurfin kamar tafin hannu, nesa da gindin jak ɗin don kada ya rufta, ya yi masa gangare ta waje. Muka mirgina tayar ta gangara ciki. Yanzu ramukan sun ɗan yi ƙasa da kusoshin. Ya zura bakin shebur ƙarƙashin tayar, ya taka ƙotar da gwiwa, tayar ta ɗago a hankali kamar ba kilo 40 ba, ya juya ta kaɗan da hannu har rami ya haɗu da kusa, ya tura. Ko nishi bai yi ba.

Wannan dabarar ta shebur ita ce abin da na fi riƙewa daga tafiyar. Da yawa sukan zauna a ƙasa su sa ƙafafu biyu ƙarƙashin taya su ɗaga da tafin ƙafa. Yana aiki, amma ƙafafunka na ƙarƙashin mota. Shebur ko doguwar sifana na yin aikin kana gefe.

Sauran abin da aka yi daidai a wannan tsayuwar duk Baba ne ya yi ba tare da an ce masa ba. Ya ja hambirki, ya saka ƙaramar giya ta ƙafa huɗu da lamba ɗaya, ya sa weji gaba da bayan tayar gaba ta dama, wadda ke kusurwar da ke kallon mai matsalar. Ya sassauta notoci tun motar na ƙasa. Da ya zo ɗaurewa bai bi su a jere ba, yana ɗaure ɗaya sai ya tsallaka na gabansa, don rim ya zauna daidai. Bayan mun yi kamar kilomita 50 ya tsaya ya sake bi da sifana, biyu daga cikin shida suka ƙara juyawa.

Tsayuwa ta uku: safayar da ba safaya ba

Rana ta huɗu muka juyo. Tayar baya ta dama ta fara sacewa a hankali. Ƙusa ce, a tsakiyar haƙora, kanta na ƙyalli. Irin wannan hudar, da muna da 'yan tsinken roba na toshe huda da allurarsu, ko cire tayar ba sai an yi ba, minti 15 an gama. Kayan gaba ɗaya ba su fi cika aljihu ba. Ba mu da su, don muna da safaya biyu. Muka gwada hurawa da famfon ƙafa muna tafiya, amma duk kilomita 10 sai an tsaya, kuma ramin na ƙara buɗewa.

Aka koma ga ta saman rufi. Injiniya ya hau ya kwance, ya ce a matsa zai sako ta. Kafin Baba ya buɗe baki ya tura ta. Taya daga tsayin mita biyu ba faɗuwa take ta kwanta ba. Ta daki ƙasa ta yi sama, ta wuce gefen kaina har na ji iskarta, ta mirgina gangare ta shige cikin ƙaya nesa da mu. Saura ƙiris na biyu. Igiya muke da ita a mota, da an zura ta a ramin tsakiyar rim an naɗa a ƙarfen kariya, da yaro ma zai iya zuro ta a hankali.

Rufin nan dama mun zalunce shi. Littafin motar ya ce kilo 100, har da nauyin kariyar kanta. Kariyar kilo 30, jarka biyu na man dizal kamar 42, taya 27, mun kai 99 tun kafin a ɗora tanti. Masu ƙera kariya da yawa kuma sukan ce a rage adadin idan za a bar kwalta. Duk kilon da ke sama yana ƙara wa mota son kifewa a gangaren gefe, kuma na tuna yadda Baba ke yin shiru yana riƙe sitiyari da hannu biyu duk lokacin da muka bi gefen kwari.

Da muka jawo ta daga ƙaya muka sa geji: 14, inda ake neman sama da 30. Ba ta huje ba. Taya ko lafiyarta ƙalau tana rasa iska kamar lamba ɗaya ta geji a wata ta jikin robar, ita kuwa wannan an fi shekara ba a duba ta ba. Na duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a kuiɓinta, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Shekararta tara. Haƙoranta sababbi fil, amma tsakaninsu duk ƙananan tsagogi ne irin na busasshiyar fadama, don shekara da shekaru tana shan rana a ƙofar baya ba marufi. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, a sauke ta idan ta kai goma ko da ba ta taɓa aiki ba, har da safaya. Wasu masu ƙera motoci ma shida suke cewa. Muka yi karɓa-karɓa a kan famfon ƙafa kusan minti 40.

Sai maganar noti. Rim ɗin ƙarfe bakin raminsa a turbuɗe yake kamar mazurari, notinsa ma mai tsinin baki ne ya shige ciki. Rim ɗin alminiyum irin namu ramin a miƙe yake, notinsa na da dogon wuya da wosha mai faɗi. Idan ka ɗaure shi da mai tsinin baki, bakin ramin kaɗai zai kama, zai yi kamar ya ɗauru, bayan 'yan kilomitoci ya ci alminiyum ɗin ya saki, daga nan kusa ta karye. Notoci 24 da ke ƙafafun motar duk masu tsini ne, an canza su tare da rim. Na tsaya da taya a gabana, ga iska mun hura, ga jak, amma babu abin ɗaure ta.

Baba ya buɗe ƙofarsa ya laluba ƙarƙashin kujera, ya fito da wani tsohon gwangwani naɗe da tsumma. Ya girgiza shi. Ranar da aka canza tayoyin, ya ga yaron gareji na tattara tsofaffin notocin a kwali, ya tsinci guda shida ya ajiye. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba. Ya ce, “Yallaɓai, ba a tambaye ni ba.” Wannan amsar ta fi tsagar ƙofar yi mini ciwo, don gaskiya ce. An yi shawarar tayoyin a ofis tsakanina da bakanike, mutumin da zai durƙusa a yashi ya canza su ba ya wurin.

Saura girma. Ƙaramar tana juyi kusan 410 a kilomita, manyan 382. Idan aka haɗa su a aksil ɗin baya, wanda shi ke jan motar, ƙananan haƙoran da ke cikin tukunyarsa, waɗanda aikinsu su ɗan juya a kwana kawai, za su yi ta juyi ba hutawa don cike bambancin 28 a kowane kilomita. Tamu kuma irin mai faifan riƙewa ce a ciki, wadda ke hana ƙafa ɗaya zamewa ita kaɗai, irinta zafi take ɗauka ta cinye faifan. Don haka aikin ya zama biyu: muka cire lafiyayyar babba daga gaba ta dama muka mayar baya, ƙaramar ta hau gaba, aka buɗe makullan cibiyar ƙafafun gaba yadda kowace za ta juya abinta. Ɗagawa biyu, tona rami ɗaya, awa uku da rabi.

Muka taho a kan 50, motar na ɗan ja dama, fitilar birki ta ABS ta kama don na'urar na ganin ƙafa ɗaya ta fi sauran gudu. Wuri biyu yashi ya tilasta a saka ƙafa huɗu. A kan sako-sakon yashi tayoyi na zamewa su sauke bambancin, don haka Baba yakan saka daf da shiga, ya cire da zarar ƙasa ta yi tauri. A kan ƙasa mai tauri da an bar ta a ciki, farfelar gaba da ta baya za su yi ta murɗe juna har wani abu ya ba da kai.

Abin da na rubuta a rahoto

Mutanen ofis sun so su kira abin rashin sa'a: dutse da ƙusa, wa ya isa ya hana? Ban yarda ba. Fashewar taya biyu a kilomita 360 na jeji ba abin mamaki ba ne, don ita aka ɗauki safaya. Awa tara ɗin ne abin bincike, kuma ko minti ɗaya a ciki dutse bai jawo ba. Duka sun fito ne daga rana ɗaya a gareji, ranar da aka canza abu ɗaya aka bar abubuwa biyar da ke rataye da shi: marataya, jak, noti, tsohuwar safaya, da ƙarfin mutumin da zai ɗaga. Safayar farko da ta yi suna a duniya, wadda 'yan'uwan nan Davies suka fito da ita a garin Llanelli na yankin Wales a 1904 da sunan Stepney, maƙala ta ake yi a jikin ƙafar da ta sace ba tare da an cire komai ba, don direba shi kaɗai ya iya ci gaba da tafiya. Har yau a Indiya da sunan ake kiran safaya. Tamu ta biyu, da ba don gwangwanin Baba ba, kaya ce kawai muka yi wa dako.

An yi wa ƙofar walda aka canza hinji, aka cire mata marataya gaba ɗaya. Safaya ta koma kan wani hannun ƙarfe mai buɗewa da ke zaune a kan bamba, bambar kuma a kan shasi, aka matsar da lambar mota da fitilarta inda za a gan su. Yana da nasa ciwon kai, sai ka buɗe shi kafin ka buɗe but, kuma ya ƙara wa bayan motar nauyi. An sayi jak mai hawa biyu, da katako mai kauri faɗin taƙi biyu da aka huda aka ɗaure a gefen but, da famfon lantarki, da kayan toshe huda, da sifana mai ma'auni don a ɗaure noti daidai adadin da littafi ya faɗa. Safayar yanzu tana shiga juyin tayoyi tare da sauran huɗun, don kada ta tsufa a rataye, kuma duk ranar da aka sa geji a huɗu sai an sa a ta biyar.

A kan safaya ta biyu har yau ba mu daidaita ba. Ni ina ganin ɗaya mai kyau da kayan faci sun isa yawancin tafiye-tafiyenmu, ragin kilo 40 kuma ba ƙaramin abu ba ne ga sifirin da mai. Baba ya ce kuiɓi biyu na iya yagewa a rana ɗaya, ya taɓa gani. Inda muka tsaya shi ne, tafiyar da ta wuce kwana biyu daga kwalta za a ɗauki ta biyu, girmansu ɗaya, rim iri ɗaya, a kwance a ƙasan but da bel biyu, rufi kuma an haramta masa taya.

Kafin motar ta sake fita na sa aka kai ta bayan gareji inda aka zube yashin gini, aka sace iskar tayar baya ɗaya, na ce Injiniya ya canza ta shi kaɗai da abin da ke cikin motar kawai, ni da Baba muna zaune da agogo. Ya yi minti 34. A nan muka gano sifanar motar ba ta shiga ramin sabon rim ɗin safayar sai an karkata ta, bakinta ya yi kauri. An sayo wata washegari.